Na Bi Sawun Kwabo Har Cikin Wani Rami A Faransa

Gaskiya ni ba tarihi ya kai ni Faransa ba. Ɗan yayata na je dubawa, yana karatu a Poitiers, shekara ta uku kenan bai leƙo gida ba, uwarsa ta ishe ni da mita wai tunda ina da hanya in je in gano mata shi da idona, bata yarda da hoton waya ba. Na kwana huɗu a ɗan ɗakinsa da bai fi shagon mai cajin waya girma ba, na ci taliya har ta fita raina, ranar Asabar da safe sai ya ce Kawu shirya zan kai ka wani rami. Na ce rami kuma? Na baro Kano, na sha layin biza, na biya kuɗin jirgi, duk don a kai ni rami? Ya yi dariya ya ce ai ramin da aka haƙo kakan kwabo ne.

Toh nan ya kama ni, don ya san lagona. Kakana Allah ya jiƙansa ɗan goro ne, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa yarda da lissafin naira ba, tun da aka canza kuɗi a 1973 in ka ce masa naira biyu sai ya gyara maka ya ce fam guda dai. Kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam, ga taro ga sisi ga nai ga fataka, haka yake zuba su kamar karatun allo. Ina yaro na taɓa tambayar malaminmu me ya sa sha biyu ba goma ba, ya ce haka Turawan Ingila suka ga dama, in zauna. Shekara arba'in ina ɗauke da wannan amsar.

Motar abokinsa muka ara, wajen awa ɗaya muka yi a hanya muna ratsa gonakin alkama da garken awaki. Muna fita gari yaron ya nuna min ta arewa ya ce can ne aka yi yaƙin nan na 732 tsakanin rundunar Andalus ƙarƙashin Abdurrahman al-Ghafiƙi da Sharl Martel, wanda shine kakan Sharlaman, babban sarkin nan da ya mallaki yawancin Yammacin Turai. Mu kudu muka nufa. Garin sunansa Melle, kusa da Niort, ɗan ƙaramin gari ne tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, amma tsofaffin coci uku gare shi na dutse, ɗaya har da mutum-mutumin wani mahayin doki a saman ƙofa. In ba an faɗa maka ba ba zaka taɓa cewa azurfar garin nan ta taɓa riƙe daula ba.

Matar da ke zagayawa da baƙi ta kalli 'yar shara ta ta ce da yaron ya gaya min in saka rigar sanyi, na ce haba ana wannan ranar? Muna shiga na gane kurena. Wajen digiri 13 ne a ciki rani da damina, ga laima, ruwa na ɗiga ɗis ɗis. Ta ce ramukan sun haura kilomita 20 a ƙarƙashin garin da kewayensa amma mita 350 kacal ake bari a shiga, kuma an yi aiki a nan tun ƙarni na 7 har ƙarshen ƙarni na 10, daga nan aka manta da wurin gaba ɗaya sai a ƙarni na 19 masu fasa dutse suka faɗa ciki.

Abin da ya fi tsaya min a rai bangon ne. Na zaci zan ga sawun diga da gatari, sai na ga bango sumul a lanƙwashe kamar cikin ƙwarya, wani wurin baƙi ƙirin. Ashe dutsen ya fi ƙarfin ƙarfen wancan zamanin, wuta suke sa masa. A jera itace jikin bango a cinna, zafi ya sa dutsen ya dinga tsagewa yana ɓarewa falle falle, in ya huce a shiga a kwashe, a sake jera wani itacen. Na ɗora tafin hannuna a wurin, sanyi ƙalau, ina tunanin mutumin da ya rarrafo nan cikin hayaƙi shekara dubu da ɗari biyu baya, wasu lungunan ko tsugune ba zaka iya ba sai dai jan ciki. Kuma abin da ake haƙowa ma ba azurfa bace tsantsa, dutsen dalma ne mai ɗan ƙyalli, azurfar da ke cikin kilo guda na dalmar bata wuce 'yan gram ba. Sai an daka, an wanke, an narka an fitar da dalma, sannan a sake narka ta ana zuga iska har dalmar ta rabu ta bar ɗan ɗigon azurfa fari fes. Duk wanda ya tuna abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ya san me masu dakan nan da masu zugan nan suka shaƙa. Babu sunan ko ɗaya daga cikinsu a ko'ina. Sunan sarki ne akan kuɗin.

Da muka fito aka nuna mana yadda ake buga kuɗin, kuma wallahi kowane maƙeri a Kano zai iya. Ƙarfe biyu ne masu zane, ɗaya a kafe a kututture kamar uwar maƙera, ɗaya a hannu, a sa ɗan faifan azurfa a tsakani a sauke guduma ɗaya, shikenan kuɗi ya fito gaba da baya. Aka ce wa zai gwada, yaron ya turo ni gaba. Bugun farko na ji tsoron yatsuna ya fito rabi da rabi, ya ce Kawu da a zamaninsu ne da tuni an kore ka. Na biyu ya fito. Na farin ƙarfe ne ba azurfa ba, sirit kamar marfin gwangwanin madara. Sunansa denier, da Latinanci denarius, wato kalmar nan ce dai da Larabawa suka mayar dinar mu muka ce dinari, sai dai a wurinsu ta zama kuɗin zinare a nan kuma ta tsaya akan azurfa. A zamanin Luwi ɗan Sharlaman har akwai wanda aka buga a Melle da hoton ƙarafan bugun biyu da guduma biyu a bayansa, an zagaye da kalmar METALLVM, kamar dai maƙeran sun sa hoton kayan aikinsu ne tunda nasu sunan ba zai hau ba.

A nan na samu amsar da malaminmu ya hana ni. Waɗannan mutanen, Farankawa, waɗanda Larabawa ke kira Faranja kuma daga sunansu Faransa ta samo nata, suna lissafin denier 12 a matsayin solidus ɗaya. Pepin Gajere da ya hau mulki a 751 ya yi doka wajen 755 cewa kada a fitar da fiye da solidus 22 daga libra guda na azurfa, wato ma'aunin nauyinsu, mai bugawa ya riƙe ɗaya ladan aikinsa. Zamanin ɗansa Sharlaman lissafin ya zauna akan 20. Libra ɗaya solidus 20, solidus ɗaya denier 12, jimla 240. Kuma fa libra da solidus ɗin a baki kawai suke da takarda, denier ake bugawa da rabinsa, in ana binka libra sai ka ƙirgo guda 240. Ingila ta ɗauki tsarin ta riƙe shi har 1971, ta kawo mana shi muka ce fam da sule da kwabo. Alamar fam ɗin nan L ce ta libra, kuma ɗan harafin d da ake rubutawa gaban kwabo, 3d taro 6d sisi, wanda tun ina yaro nake mamakin ina d a kwabo ko a peni, ashe denarius ne. Na tsaya a bakin ramin nan ina ta maimaita kwabo goma sha biyu sule kamar wani taɓaɓɓe, yaron yana ta min bidiyo zai tura wa uwarsa.

Sharlaman dai bai tsaya nan ba. Wajen 793 zuwa 794 ya ƙara wa kuɗin nauyi daga kusan gram 1.3 zuwa 1.7, ya faɗaɗa shi, aka sa tambarin sunansa a tsakiya, K da R da L da S a bakin gicciye, sauran haruffan a dunƙule cikin ɗan zane mai kusurwa huɗu da ke tsaka, a kewaye kuma CARLVS REX FR wato Sharl sarkin Farankawa. Mutumin da ya rubuta tarihinsa, Einhard, ya ce sarkin ya yi ta fama ya koyi rubutu da girma har allo yake ajiyewa ƙarƙashin matashi amma abin bai zauna ba, kun ga mai tambari a hannun kowa shi kansa alƙalami na ba shi wuya. A taron Frankfurt na 794, bayan wata yunwa da aka sha, aka yanka farashi: denier ɗaya burodin alkama 12 kowanne mai nauyin libra biyu, in na sha'ir ne 20. Aka kuma ce duk ɗan da ya ƙi karɓar sabon kuɗi mai sunan sarki tarar solidus 15, in bawa ne ya yi asarar hajarsa ko a ɗaure shi a turke a zane shi gaban jama'a. Ni dai da na ji haka na ce lallai mutane sun ƙi karɓa kenan, ba a yi wa abin da kowa ke so doka da bulala.

Wanda ya fi ba ni dariya jikansa ne, Sharl Mai Sanƙo. A 864 a wani wuri da ake kira Pîtres ya fitar da doka cewa wuri goma kawai aka yarda su buga kuɗi, fada da Paris da Rouen da Reims da su Orléans da Narbonne, Melle na ciki, kuma aka sa wa'adi, daga bikin Saint Martin na watan Nuwamba tsohon kuɗi ya daina aiki kowa ya kai nasa a canza masa. Mai buga jabu kuwa a sare masa hannu. Na ce da yaron kai wannan ai canjin kuɗin farkon 2023 ne, ya ce Kawu su aƙalla babu layin ATM. Ga shi lokacin 'yan Viking, mahara daga arewacin Turai, sun addabe su ta ruwa, a 845 sai da aka biya su libra 7,000 kafin su bar Paris, in ka buga da 240 denier miliyan ɗaya da dubu ɗari shida da tamanin kenan, Melle ɗin ma sun shigo sun washe ta a 848. Ka tuna wahalar fitar da gram ɗaya daga dutsen can sannan ka ji an loda wannan a jirgin ruwa an tafi.

Mun ci wani kek a garin mai baƙin sama kamar an manta shi a tanda, da cukwin akuya ake yi, wai haka ake sonsa da ƙonuwar. Cikin kam da daɗi.

Ranar da zan dawo ta Paris jirgina zai tashi, da yake sai dare na ce mu je in ga na zinaren, don matar can ta ce kafin azurfa zinare Farankawa suke bugawa. Muka je gidan tarihin da ke cikin tsohon ginin babban ɗakin karatu na ƙasa a titin Richelieu. A nan ne labarin ya juya min baya zuwa farkonsa, kuma sai na lura abu ɗaya nake ta bi ban sani ba, wato sunan wa ke kan kuɗin.

Sarakunan farko, gidan Merovingian masu dogon gashi, babu sunansu. Childeric da ya mutu wajen 481, uban sarki Clovis, da aka tono kabarinsa a Tournai a 1653 an samu tsabar zinare sama da ɗari amma duk na sarakunan Rum ne, nasa sunan a zoben hatimi kawai yake. Kayan kabarin nan ma sun ga ta kansu, a 1831 ɓarayi suka shiga ɗakin karatun da dare suka kwashe zinare suka narkar da mafi yawa, cikin ƙudajen zuma na zinare wajen 300 da aka ce an binne shi da su biyu suka rage. Shi kansa Clovis da ya ci ƙasa har ya mutu a 511, kuɗin ƙasarsa da sunan sarkin Rum na Kustantiniya ake buga su. Sai jikansa Theudebert, wanda ya mutu a 548, ya yi ta maza ya sa sunansa akan solidus na zinare har da kirarin VICTOR wato mai nasara. Abin ya ƙona ran Rumawa, marubucinsu Procopius ya rubuta cewa ko sarkin Farisa bai isa ya sa hotonsa akan zinare ba. Zinaren ɗaya ne, nauyin ɗaya ne, wajen gram huɗu da rabi, suna kawai aka canza amma kamar an yi musu juyin mulki.

Daga nan kuma sai sunan sarkin ya sake ɓacewa. Ƙananan da ake kira tremissis, sulusin solidus, su suka cika gari, sai da na manna goshina da gilashi kafin in gansu da kyau don basu kai farcen ɗan yatsana ba, hoton kan da ke jiki kuwa wani kamar yaro ya zana da gawayi, ido ɗaya ƙato hanci kamar ƙoshiya. Mafi yawansu abin da aka rubuta sunan garin da aka buga ne da sunan mai bugawar, garuruwa ɗaruruwa har da ƙauyuka da gidajen ibada, masu bugawa fiye da dubu. A kabarin Sutton Hoo can Ingila an samu guda 37 a jaka ɗaya kuma kowanne daga wuri daban. Wato mai karɓa ba sarki ya sani ba, maƙerin ya sani. Cikin maƙeran nan wanda ya fi suna shine Eligius, Faransawa na ce masa Éloi, mutumin yankin Limoges. Labarin da ake bayarwa sarki Clotaire na biyu ya ba shi zinaren da za a ƙera kujerar mulki ɗaya, sai ya kawo biyu da zinaren nan dai bai taɓa ko ƙwaya ba. Na ce da yaron ina ma telana ya ji wannan labarin, yadi biyar nake kai masa kullum rigar na ɗame ni. Amanar nan ce ta kai shi ya zama mai buga kuɗin sarki Dagobert, sunansa na nan ELIGI akan wasu na Paris, daga baya ma ya zama bishop na Noyon ya rasu a 660. Akwai wata kujerar tagulla a gidan da ake kira kujerar Dagobert, mai ƙafafu da kan damisa, ko da yake masana sun ce ta fi kama da aikin bayan zamaninsa.

In ka bi jerin da ido zaka ga launin yana koɗewa. Zinaren na raguwa ana ƙara azurfa, daga ja ya koma ruwan ƙwai ya koma fari fari, zuwa wajen 670 aka haƙura aka koma denier na azurfa zalla. Sarautar ma haka take koɗewa, sarakunan sun zama na jeka-na-yi-ka, wazirai ke mulki, har Pepin ya sauke na ƙarshensu Childeric na uku aka aske masa dogon gashin aka kai shi gidan sufaye. Kuma yana hawa abin da ya fara yi wa kuɗi shine ya dawo da sunan sarki, manyan haruffa biyu R da P, Rex Pipinus, babu ado babu hoto, kamar mai buga shaida a cinyar saniya. Sunayen maƙera suka bi ruwa sannu a hankali. Shi kuma Sharlaman bayan Paparoma Leo na uku ya naɗa shi babban sarki ranar Kirsimeti ta shekarar 800, sai can ƙarshen rayuwarsa wajen 812 aka buga wasu 'yan kaɗan da fuskarsa, ya yi shigar sarakunan Rum da ganye a ka, amma ga gashin baki nan irin na Farankawa bai aske ba. Ya mutu a 814.

Abin da ya fi ɗaure min kai kuma a Melle na ji shi. Bayan gidan sarautar ya watse, ramin ma ya daina ba da azurfa, masu mulkin Poitou, yankin da Melle take, suka ci gaba da buga kuɗi da CARLVS REX a gaba METALO a baya har cikin ƙarni na 12. Babu wani Sharl akan gado, mai sunan ya zama ƙasa tun tuni, haruffan ma sun karkace don masu sassaƙawar kwafa kawai suke, amma kasuwa ta saba da shi, in ka canza sai a ƙi karɓa. Na ce wannan ai kakana ne da fam ɗinsa.

Da na dawo Kano na kai wa yayata rahoton ɗanta, lafiya lau yake ya ma yi ƙiba, sannan na wuce wajen Hajiya babarmu na zuba mata tsaraba, na zaro ɗan kuɗin da na buga da hannuna na ce Hajiya ga kakan kwabo. Ta juya shi gaba da baya, ta ɗaga shi saitin taga, ta ce ina hujin? Na ce nasu babu huji. Ta ce to ta ina ake zira shi a zare, wannan ai ko anini ya fi shi auki. Na ce a zamaninsa burodi goma sha biyu yake saye. Ta yi shiru ta sake auna shi a tafin hannu, ta ce to a bar mata shi, ta ƙulle shi a bakin zaninta.